Sauya gwiwa: da hannu, da kwamfuta ko da robot, wanne ya fi saita ƙarfen daidai?

Duk wanda likita ya ce masa gwiwarsa ta cinye sai an sauya, ko kuma mahaifiyarsa ce yake wa ɗawainiyar aikin, yanzu akwai tambayar da zai tarar tana jiran sa wadda a da babu ita: da hannu za'a yi ko da robot? Wani asibitin ma kafin ka zauna an miƙo maka takarda mai sheƙi da hoton na'ura, ana ce maka wannan bata kuskure. Toh mutum yana cikin ciwo, ga kuɗi masu yawa zai kashe, dole kansa ya ɗaure. Gaskiyar magana hanyoyin sun fi biyu, wajen biyar ne, kuma duk abu ɗaya suke nema wato ƙarfen ya zauna a saiti.

Bari mu fara da abinda ake saitawa ɗin, don in ba'a gane shi ba sauran duk surutu ne. A aikin sauya gwiwa ba gwiwar ake ciro wa gaba ɗaya a jefar ba kamar yanda wasu ke zato. Fuskar ƙashin ake shafcewa da zarto, kusan milimita 9 daga ƙarshen ƙashin cinya, kwatankwacin haka daga saman ƙashin ƙwauri, sai a sa wa kowanne hular ƙarfe, a sa roba mai tauri a tsakani ta maye gurbin guringuntsin da ya cinye. Kaga kenan yanda aka yanka ƙashin haka ƙarfen zai zauna, in yankan ya karkace ƙarfen ya karkace, kuma da zarar simintin ƙashi da ake manna ƙarfen da shi ya kama shikenan. Layin da likitoci suka daɗe suna bi shine wanda ya taso daga tsakiyar kan ƙashin cinya can cikin ƙugu, ya ratsa tsakiyar gwiwa ya sauka tsakiyar idon sawu. Tun zamanin John Insall, wanda ya fito da irin gwiwar da ake kwaikwaya har yau a asibitin Hospital for Special Surgery na Niyok a 1974, ƙa'idar ita ce a miƙe wannan layin sambal, kada a kauce masa fiye da digiri 3 ko ta ciki ko ta waje. Dalilin mai sauƙi ne, irin na tayar motar da alaimen ɗinta ya tafi, gefe ɗaya ne zai ta cinyewa har robar ta mutu ko ƙarfen ya fara girgiɗi.

Digiri 3 fa ba wani abu bane a ido. Faɗin saman ƙashin ƙwauri bai fi santimita 7 da ɗan wani abu ba, saboda haka digiri 1 yana nufin gefe ɗaya ya ɗara ɗayan da milimita 1 da ɗoriya, kusan kaurin bakin zarton kansa. Kuma ba ta gaba kawai ake kallo ba, akwai gangaren da ake ba ƙashin ƙwauri ta baya, akwai kuma juyi, wato ko hular cinyar ta ɗan murɗe ciki ko waje. Wannan juyin shine mugun, hoton eksire na yau da kullum baya nuna shi, amma in hular ta murɗe ciki ƙoƙon gwiwa baya bin hanyarsa, mutum zai ta kukan ciwo ta gaban gwiwa in zai hau bene ko zai tashi daga kujera alhali hoto yana nuna komai lafiya lau.

Hanya ta farko, kuma har yanzu ita aka fi yi a duniya, ita ce ta kayan hannu. Likita zai huda ƙarshen ƙashin cinya ya zura doguwar sandar ƙarfe cikin ramin ɓargo, sandar ta bi ramin ta nuna masa inda ƙashin ya dosa, sai ya ɗaura wani ƙarfe mai tsaga a kanta a karkace digiri 5 zuwa 7, ya kafe shi da ƙusoshi ya zura zarto ta tsagar. A ƙwauri kuma galibi sandar a waje take, an maƙala ta a idon sawu an miƙe ta da ido. Kayan basu da tsada, aikin yana sauri, kowane likitan ƙashi a kansu ya koya, kuma kusan duk alkaluman daɗewar gwiwa da muke taƙama dasu da waɗannan kayan aka samo su. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na cikakkiyar gwiwar roba suna kaiwa shekara 25 ba'a sake taɓa su ba. Wannan ba ƙaramin abu bane, kuma ba robot ne ya yi su ba.

Matsalarta dai zato ya yi yawa a ciki. Digiri 5 zuwa 7 ɗin nan matsakaicin na mutane ne, ba lallai naka bane. In ramin ɓargon yana da faɗi sandar zata iya yin lilo a ciki, in ƙashin cinyar ya lanƙwashe kamar baka sandar zata bi lanƙwasar ta yaudari likita, in wurin hudawar ya goce da 'yan milimita shima ya canza lissafi. Mai jiki sosai kuma gano tsakiyar idon sawunsa ƙarƙashin mayafin tiyata aiki ne. Ga zarton kansa, in ya haɗu da ƙashi mai tauri ta gefen da ya fi cinyewa sai ya ɗan lanƙwashe ya zame sama. Shi ya sa da aka tattara bincike da dama a 2007 aka ga kusan gwiwa 3 cikin 10 na aikin hannu sun fita daga digiri 3 ɗin, na kwamfuta kuma kusan 1 cikin 10.

Ita kwamfuta mai nuna hanya ta girmi robot ɗin da ake tallatawa yanzu, an fara aikin gwiwa da ita a Grenoble ta Faransa a 1997. Yanda take aiki abin sha'awa ne. Ana kafa ƙusa a ƙashin cinya da na ƙwauri, a kan kowacce akwai wasu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli da kamara ke gani, sai likita ya kama ƙafar ya riƙa juya ta zagaye-zagaye, daga wannan juyin kwamfutar take lissafa inda tsakiyar ƙugu take ba tare da an buɗe wajen ba. Sai ya ɗauki wani tsinke ya taɓa ƙasusuwan idon sawu biyu, ya taɓa wurare sanannu a cikin gwiwar, nan take ƙafar ta fito a sikirin da lambobi. Yankan dai da hannunsa zai yi, amma kafin ya yanka yana ganin digiri nawa ne, bayan ya yanka kuma zai ɗora faranti a kan yankan ya ga ko zarton ya ci amanarsa ya gyara tun kafin a sa siminti. A ganina wannan duba bayan yankan shine babban amfaninta, ya fi duk wani ƙyale-ƙyalen sikirin. Sannan ba'a huda ramin ɓargo, wanda ke rage zubar jini da kuma turin kitsen ɓargo cikin jini.

Amma tana ƙara lokaci, minti 10 zuwa 20 haka, ƙusoshin nan kuma suna barin ƙananan ramuka a ƙashi, jefi-jefi a samu ramin ya yi ruwa, can ba'a rasa ba ƙashin ya tsage ta wajen, musamman tsofaffi masu ƙashi mara ƙwari. Kuma abinda aka bata shi take maidowa, in likita ya taɓa wurin da ba shi ba da tsinken, zata nuna masa sifili cif a sikirin alhali ƙafar a karkace take. A batun juyi ma bata yi wa hannu nisa ba, saboda wuraren da ake taɓawa don gane juyin su kansu da wuyar laluba suke. Shaidar da ta fi ƙarfi a gefenta daga rajistar ƙasar Ostareliya ta zo, inda suke bin kusan kowace gwiwa da aka sa a ƙasar: a rahoton 2015 an ga 'yan ƙasa da shekara 65 da aka yi musu da kwamfuta sun ɗan fi tsira daga sake aiki, musamman na girgiɗin ƙarfe. Ga waɗanda suka haura 65 bambancin bai fito fili ba. Akwai kuma ƙanenta, 'yar na'ura kamar wayar hannu irin KneeAlign ta kamfanin OrthAlign, da ake maƙalawa a jikin ƙarfen yankan, tana amfani da irin abin da ke sa waya ta san an karkata ta. Babu kamara, babu babban akwatin na'ura a ɗakin tiyata, tana gyara layin gaba da na gefe da kyau, sai dai bata cewa komai kan juyi ko ɗaurin jijiyoyi.

Ta gaba ita ce wadda a kunne ta fi kowacce daɗi, wai a ƙera maka ma'aunin yanka naka na kanka. Za'a yi maka hoton MRI ko siti sikan, a tura wa kamfani, injiniyoyi su zana ƙashinka a kwamfuta, a buga wasu 'yan robobi da firintar 3D waɗanda zasu hau kan ƙashinka kaɗai kamar murfi, da ramukan ƙusa a inda aka tsara. Sai ka jira makonni kafin su iso. Ni dai wannan ita ce zan sa a ƙarshen layi. Tana rage yawan tiren kayan aiki, tana ɗan rage lokaci, wannan ribar asibiti ce. Amma a saiti bincike bai nuna ta doke kayan hannu ba yanda za'a dogara, a ɓangaren ƙwauri ma wasu nazarin sun ga ta fi kaucewa, domin robar tana iya zama a kan ƙashin ta ɗan goce kuma ba abinda zai faɗa wa likita ta goce. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka a jagorarta ta 2015 cewa ta yi babu dalilin amfani da ita a aikin yau da kullum. Don adalci, a wannan jagorar haka suka ce ma kan kwamfuta mai nuna hanya, saboda basu ga bambanci a ciwo ko tafiyar marasa lafiya ba.

Sai robot, wanda shine ake ta hayaniya a kai. Da farko dai ba wani mutum-mutumi bane zai shigo ya yi maka aiki likita yana shan iska, likitan ne ke buɗewa, shi ke tsarawa, shi ke riƙe da abin. Kuma ba iri ɗaya bane. Mako na kamfanin Stryker, wanda suka saya a 2013 kan dala biliyan 1.65 suka fito da shi don cikakkiyar gwiwa a 2017, yana buƙatar siti sikan kafin aiki, zarton yana kan hannun na'urar, likita na turawa, a sikirin ƙashin da za'a cire kore ne yana gogewa yayin da ake ci, da zarar bakin zarton ya nufi wajen iyakar da aka zana sai hannun ya ƙage zarton ya mutu. Wannan iyakar tana kare jijiyoyin da ke bayan gwiwa da gefenta. ROSA na Zimmer Biomet, da ya samu izini a Amurka a 2019, shi baya yanka, ƙarfen tsagar yake riƙe wa a daidai wurin likita ya yanka da zartonsa. CORI na Smith+Nephew abin riƙewa ne a hannu mai kan gurza kamar na likitan haƙori, yana noƙewa ciki in ka fita daga inda aka tsara, baya buƙatar siti sikan. VELYS na DePuy Synthes ya zo a 2021, shima ba sikan. Abinda mutane basu cika sani ba, galibinsu da ƙarfen kamfaninsu kawai suke aiki, in ka zaɓi robot ka zaɓi irin gwiwar da za'a sa maka kenan ba tare da an tambaye ka ba.

A saiti kam babu gardama, robot yana buga inda aka nufa fiye da hannu, yawanci cikin digiri 1 na abinda aka tsara. Wani abin kuma da yake yi wanda ni nafi ba muhimmanci, kafin a yanka komai likita zai lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta yana ja gefe da gefe, na'urar tana nuna masa a milimita yanda jijiyar ciki da ta waje suke ɗaure a kowane kusurwa, sai ya ɗan matsar da ƙarfen a sikirin har ɓangarorin su daidaita sannan ya yanka. Da kayan hannu sai an yanka tukuna, in an ga gefe ɗaya ya ɗaure sai a saki jijiya da wuƙa. Wasu nazarin sun ga ciwon makonnin farko ya ɗan ragu da robot kuma mutane sun fi saurin tashi. Kuɗin na'urar kuwa ya kai dala miliyan ko kusa, ga kayan da ake yarwa bayan kowane aiki, ga kuɗin sikan da ɗan tururin radiyeshan da ke tare dashi, kuma a ƙarshe wani ne zai biya. Ƙusoshi da ramukansu suna nan kamar na kwamfuta.

To in haka ne me ya hana a ce kowa ya tafi robot a huta? Nan ne labarin ya juya. A Koriya ta Kudu an raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu da tsohon robot ɗin nan ROBODOC wasu da hannu, aka bi su sama da shekara 10, sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna a ciwo, tafiya, da daɗewar ƙarfen babu bambanci. Masu sababbin na'urori zasu ce wancan tsohon yayi ne, kuma suna da gaskiya, sai dai nasu basu kai shekarun da za'a yanke hukunci a kansu ba. Tun kafin nan ma asibitin Mayo a Amurka ya girgiza mutane a 2010, sun bi gwiwa 398 har shekara 15 suka ga waɗanda ke cikin digiri 3 ɗin basu fi waɗanda suka fita daɗewa ba. Sai kuma Johan Bellemans a Beljiyam ya auna ƙafafun matasa 250 masu lafiya a 2012, ya tarar kashi 32 cikin 100 na maza da kashi 17 na mata dama can da 'yar ƙafar baka aka halicce su, digiri 3 ko fiye. Kaga irin wannan mutumin in ka miƙe masa ƙafa sambal ka bashi ƙafar da bai taɓa tafiya da ita ba tunda aka haife shi, jijiyoyinsa ma ba haka suka saba ba. Wasu suna ganin wannan na cikin dalilan da suka sa kusan mutum 1 cikin 5 baya gamsuwa da sabuwar gwiwarsa duk da hoto ya yi kyau.

Daga nan aka samu masu cewa a maida wa mutum gwiwarsa yanda take kafin ta cinye, Stephen Howell na Kalifoniya ne ya fi shahara da wannan ra'ayin, a cire ƙashi daidai kaurin ƙarfen da za'a sa, a bar jijiyoyi yanda suke. Gwajin da aka yi sun rabu, wani a Amurka ya ga sun fi jin daɗin gwiwar, wasu a Ingila da Niyuzilan basu ga bambanci ba. Da yawa yanzu tsakiya suke bi, su bi halittar mutum amma su sa iyaka kada karkatar ta wuce 'yan digiri. Kuma a nan ne na'ura take da amfani na gaske, domin in likita ya ce zai bar ƙwaurinka da karkatar digiri 3 da gangan, kuskuren digiri 2 a kai ya zama 5, babu sauran filin wasa. Mai nufin sifili da kayan hannu yana da sarari ta kowane gefe, mai nufin 3 bashi da shi.

Saboda haka ni in za'a tambaye ni, ƙafar zan fara kallo kafin na'urar. Dattijo ko dattijuwa da suka haura 70, gwiwa ta cinye irin cinyewar da aka saba, ƙashin cinya a miƙe, ba'a taɓa karaya ba, ga likitan da yake yin wannan aikin duk mako da kayan hannu, wallahi ban ga dalilin barin sa a tafi wajen wanda ya karɓi robot watan jiya ba, balle a ci bashi saboda haka. Yawan aikin da likita da asibitinsa suke yi a shekara yana da alaƙa da ƙarancin matsala, wannan an daɗe da gani. Amma wanda ya taɓa karya cinya ko ƙwauri ƙashin ya haɗe a karkace, ko akwai tsohon ƙarfe ko faranti a cikin ƙashin cinyar, ko an sa masa ƙugun roba mai doguwar ƙafa da ta toshe ramin ɓargo, wannan sandar hannu bata ma da hanyar shiga, kwamfuta ko robot ne maganinsa. Haka mai ƙafar baka sosai ko gwame mai tsanani, da mai jiki sosai, da ɗan shekara 50 da wani abu wanda gwiwar zata yi masa aiki shekara 30, duk waɗannan ƙarin saitin ya cancanci kuɗinsa in da hali. Wanda kuma rabin gwiwa za'a sauya masa, ɓangare ɗaya kawai, shi ne ma ya fi kowa cin ribar robot, aikin ƙarami ne amma baya yafe kuskure, kuma gwajin da aka yi a Gilasgo da Mako ya nuna ƙarfen ya fi zama inda aka tsara. Tsakanin kwamfuta da robot kuwa, in layin ƙafar kawai ake nema tazararsu ba ta kai yanda talla ke nunawa ba, wanda likitanka ya fi sabawa dashi shi zaka bi.

In ka zauna da likitan, tambayar da ta fi “kuna da robot?” amfani ita ce wane layi zai bi a ƙafarka kuma me ya sa, miƙewa zai yi sambal ko zai bar maka kaɗan daga halittarka. Ka tambaye shi gwiwa nawa yake yi a shekara, nawa ya yi da wannan na'urar, kuma in ta tsaya ana tsakiyar aiki, don suna tsayawa, ko kayan hannu suna ɗakin a shirye kuma ya iya su. Ka tambayi sunan ƙarfen da za'a sa da shekarun da ya yi ana sa wa mutane. Sannan ka nemi a yi maka dogon hoton eksire kana tsaye, wanda ya ɗauko daga ƙugu har idon sawu a faifai ɗaya, kafin aiki. Gajeren hoton gwiwa da aka saba yi baya nuna kan ƙashin cinya balle idon sawu, ba'a iya ja layin a kansa, kuma lanƙwasar cinyar da zata yaudari sanda can sama take inda gajeren hoton baya kaiwa.